Me Ya Sa Google Ba Ya Nuna Shafina? Fashin Baƙi Kan Hawa Sahun Gaba a Sakamakon Bincike

Gwaggona tana sana'ar turaren wuta da humra a Kano, sana'ar da ta gada wajen mahaifiyarta. Bara 'yarta ta matsa mata lamba sai an buɗe mata shafin intanet. Aka biya wani matashi ya gina, ya zuba hotunan kwalabe da kaskon turare, abin gwanin sha'awa. Bayan wata uku ta aiko a kira ni. Na same ta a tsakar gida tana cuɗa itacen sandal a babban kwano, ta nuna mini wayarta da haɓa domin hannunta duk mai ne.

"Ɗan nan, duba mini abin nan. An ce da ni duk wanda ya nemi turare a waya zai gan ni. Na sa yara sun nema har sun gaji, babu ni babu labarina."

"To Gwaggo, bari mu gani."

Na buɗe Google na rubuta site: na manna adireshin shafin a jikinsa ba tare da tazara ba. Wannan 'yar dabara tana nuna maka shafukanka da Google ya sani. Ko ɗaya bai fito ba. Na shiga cikin saitin WordPress, manhajar da aka gina shafin da ita, na tarar da wani ɗan akwati da ke roƙon injinan bincike su kau da kai daga shafin, an sa masa alama. Magina kan sa alamar lokacin da suke aiki don kada a ga gini bai ƙaru ba, shi kuma yaron ya manta bai cire ba. Wata uku ke nan shago yana buɗe, amma da kwaɗo a ƙofar layin.

Na fara da wannan ne domin mafi yawan masu tambayata yadda ake hawa sahun farko a shafin matambayi-ba-ya-ɓata suna tsammanin akwai wani laƙani da ake ɓoye musu. Abin da masu harkar ke kira SEO, wato gyara shafi yadda injin bincike zai gan shi ya kuma fifita shi, aiki ne mai hawa uku, kuma kowane hawa da irin matsalarsa.

Hawa na farko shi ne a san da zamanka. Google yana da wata manhaja mai suna Googlebot da ke yawo a yanar gizo dare da rana, tana bin mahaɗai, wato wuraren da ake latsawa a tafi wani shafi, daga wannan shafi zuwa wancan, kamar yadda gizo-gizo ke bin zaren saƙarsa. Shafin da babu wani mahaɗi da ke kaiwa gare shi yana iya daɗewa ba a leƙo shi ba. Hawa na biyu shi ne a shigar da kai kundi. Idan ka yi bincike, Google ba ya fita ya zagaya intanet a wannan daƙiƙar. Rumbunsa yake buɗewa, inda ya riga ya adana abin da ya karanto. Kuma ba duk abin da ya karanta yake adanawa ba: yana iya zuwa shafinka, ya duba, ya ga bai cancanci wuri ba, ya wuce. Sai hawa na uku, jerantawa, inda ake yanke wa zai zo na ɗaya, wa zai zo na hamsin. Mutane suna kashe kuɗinsu a kan hawa na uku alhali tun a na farko suka maƙale, kamar Gwaggo. Maganin wannan kyauta ne: ka yi rajistar shafinka a Search Console, dandalin da Google ya tanada wa masu shafuka, ka miƙa masa taswirar shafin, wato fayil ɗin da ke lissafa duk adireshin da kake so a gani. A nan zai gaya maka wanda ya shigar, da wanda ya ƙi, da dalili.

To, idan an shigar da kai, da me ake auna ka?

Sai mun koma baya kaɗan. A tsakiyar shekarun 1990 injinan bincike sun dogara sosai ga ƙirga kalmomi: shafin da ya fi maimaita kalmar da ka nema shi ne a gaba. Nan da nan mutane suka gano, suka riƙa cusa kalma ɗaya sau ɗari a ƙasan shafi, wani lokaci da farin rubutu a kan farin fage don kada idon mutum ya gani. Wasu ɗalibai biyu na Jami'ar Stanford a Amurka, Larry Page da Sergey Brin, suka zo da wani tunani da suka kira PageRank, wanda a kansa suka kafa Google a 1998. Suka ce a daina tambayar shafi abin da yake faɗa game da kansa, a tambayi abin da sauran shafuka ke faɗa a kansa. Duk mahaɗin da wani ya yi zuwa gare ka, shaida ce ya ba ka.

Duk wanda ya taɓa zuwa binciken neman aure ya san wannan lissafi. Ba a tambayar saurayi ko yana da hali. Unguwarsu ake zuwa. Kuma shaida ba ɗaya ba ce: idan limamin unguwa, wanda shi kansa jama'a suka yarda da shi, ya ce yaron kirki ne, maganarsa ta fi ta abokan majalisa goma. Sannan dattijon da ke yabon duk wanda aka tambaye shi, yabonsa ba ya da nauyi. Haka PageRank yake aiki: darajar mahaɗi tana zuwa daga darajar wanda ya yi shi, kuma tana rarrabuwa gwargwadon yawan wuraren da ya nuna. Yau ma'aunan Google sun yi yawa ƙwarai, an ƙara abubuwa barkatai, amma wannan tushe yana nan.

Inda duk ake karɓar shaida, sai an samu masu shaidar zur. Tarihin SEO kusan duk tarihin wannan tsere ne. A 2006 Google ya cire shafin kamfanin motoci na BMW na Jamus daga kundinsa na ɗan lokaci, saboda an shirya wasu shafuka da ke nuna wa injin abu ɗaya, mutum kuma a kai shi wani wuri. A watan Fabrairun 2011 jaridar New York Times ta bankaɗo yadda babban kantin J.C. Penney na Amurka ke zuwa na ɗaya a bincike iri-iri, albarkacin dubban mahaɗai da aka dasa a shafukan da ba su da alaƙa da kayansa; Google ya yi ƙasa da shi warwas. A wannan watan dai Google ya fito da sauyin tsarin jerantawa da ake kira Panda, wanda ya rushe shafukan da ke tara rubutu maras amfani don kawai a samu talla. A Afrilun 2012 Penguin ya biyo baya, ya auka wa masu sayen mahaɗai. Idan kamfanoni masu wannan ƙarfi ba su tsira ba, ina ga mai shagon turare?

Abin da ke ba ni takaici shi ne har gobe ana sayar wa mutanenmu wannan tsohon kaya. Za a turo maka saƙo: kawo kaza, mu ba ka mahaɗai dubu biyar, mu kai ka lamba ɗaya cikin mako guda. Google da kansa ya rubuta a shafinsa na jagora cewa babu wanda zai iya ba da tabbacin lamba ɗaya. Mafi sauƙin abin da zai same ka shi ne injin ya yi watsi da mahaɗan, kuɗinka ya tafi a banza. Mafi muni a hukunta shafin, ka yi watanni kana wanke kanka. Mahaɗi ɗaya daga jarida ta gaskiya da ta yi labari a kan sana'arka, ko daga ƙungiyar 'yan kasuwarku, ko daga makarantar da ka koyar, ya fi wannan tarkace duka. Haka kuma biyan kuɗin talla a Google yana sa ka fito a gurbin talla ne kawai, mai alama a kansa. Ranar da kuɗin ya ƙare ka ɓace, kuma bai ƙara maka ko taki ɗaya a jerin asali ba.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe, domin nan ne mai rubutu da Hausa yake da dama, nan ne kuma yake yawan yin asara: maganar kalmomi.

Mai bincike ba ya rubuta abin da kai kake kiran kayanka, abin da ke bakinsa yake rubutawa. A shafin Gwaggo, babban take na farko sunan sana'arta ne da wata jimlar Turanci mai daɗin ji game da ƙamshi. Babu inda aka rubuta "turaren wuta". Babu "humra". Babu "Kano". Amaryar da ke haɗa kayan ɗaki ba ta san sunan shagon ba balle ta neme shi. Abin da za ta rubuta shi ne "turaren wuta mai kyau a Kano" ko "yadda ake haɗa humra". Ka lura da wannan "yadda ake". Fara rubuta shi a akwatin bincike ka tsaya, ka ga abin da Google zai cika maka: waɗannan shawarwari daga abin da mutane ke nema suke fitowa. Babu binciken kasuwa mafi arha da wannan. Search Console ma, bayan 'yan makonni, zai nuna maka ainihin kalmomin da aka rubuta har shafinka ya bayyana, da sau nawa aka latsa.

Taken kowane shafi shi ne allon ƙofar shago. Ya faɗi abin da ke ciki, a taƙaice, muhimmiyar kalma a gaba, domin ana datse dogon take a fuskar waya. Kowane kaya ko kowace tambaya ta samu shafinta. Ɗan bayanin da ke fitowa ƙarƙashin take ba ya ɗaga matsayi da kansa, amma shi ke sa mutum ya latsa naka ya bar na maƙwabcinka. Shi kuwa wani gurbi na ɓoye a cikin shafi, wanda ake jera wa injin kalmomi a cikinsa, tun 2009 Google ya sanar cewa ba ya amfani da shi wajen jerantawa. Duk wanda ya karɓi kuɗinka don cika shi, ya ci banza.

Akwai wata ɗabi'a tamu da ke kashe shafuka ba a sani ba: zuba komai a cikin hoto. An saba da tallan WhatsApp da Facebook, sai a ɗauko hoton da aka rubuta sunan kaya da farashi da lambar waya a jikinsa a ɗora a shafi, shi ke nan. Mutum yana gani, amma injin rubutu yake nema, wanda za a iya kwafa. Abin da ke da muhimmanci a rubuta shi a fili, hoton kuma a ba shi ɗan bayanin abin da ke cikinsa, wanda makafi masu amfani da manhajar karanta fuska su ma suke dogara da shi.

Sai batun haruffa masu lanƙwasa. Yawancin mutane a waya "kasa" suke rubutawa ko suna nufin ƙasa, "dan" ko suna nufin ɗan. A tsarin kwamfuta ƙ da k haruffa ne biyu mabambanta, haka ɗ da d, da ɓ da b. Wasu saboda haka suke cewa a zubar da lanƙwasa gaba ɗaya don a samu masu karatu. Ban yarda ba. Rubutun da ya bambanta ɓata da bata, ya bambanta ƙafa da kafa, shi ne rubutun da mai karatu zai amince da shi, kuma kare ƙa'idar harshe nauyi ne a kanmu. Abin da nake yi shi ne: jikin rubutu da take bisa ƙa'ida, adireshin shafi kuwa da haruffa marasa lanƙwasa, domin ya yi sauƙin bugawa da turawa. Kafin in sa take, nakan gwada binciken kalmar ta fuska biyu in ga wa ke fitowa a kowacce. Haka ma bambancin karin harshe da na aro: wani "makaranta" zai rubuta, ɗan'uwanmu na Damagaram ko Maraɗi ya rubuta "lakwal", wani "asibiti", na Nijar kuma ya kira wurin "likita". Idan kana son mutanen Nijar su same ka, ka san kalmarsu, ka kawo ta inda ta dace cikin zance, ba cusawa ba.

Cusawar ma ta daina aiki. Ta sauye-sauyen da ya yi wa injinsa, daga Hummingbird a 2013, zuwa RankBrain a 2015, zuwa BERT a 2019, Google ya yi ta matsawa daga ƙirga kalma zuwa fahimtar nufin mai tambaya. Dole ce ta sa: kamfanin ya sha faɗa cewa kusan kashi 15 cikin ɗari na tambayoyin da ake yi masa kullum bai taɓa ganinsu ba. Wani abu kuma da ya shafe mu kai tsaye: Google ya ce daga rubutun da ke bayyane a shafi yake gane harshensa. Shafin da rabinsa Hausa rabinsa Turanci yana rikita lissafin. In kana son harsuna biyu, kowanne ya samu shafinsa.

Babbar cutar shafukan Hausa, a ganina, kwafe ce. Labari ɗaya zai fito a BBC Hausa ko Aminiya da safe, kafin azahar ka gan shi a wurare ashirin, har da kuskuren bugun da ke cikinsa. Idan Google ya ga rubutu iri ɗaya a adireshi da yawa, yakan zaɓi guda ya nuna, ya ture sauran. Mai kwafe yana gasa da gidan da ya fi shi tsufa da shaida, a kan kayan gidan. Yanzu kuma an samu sabon salo: a ɗauko rubutun Turanci a watsa a injin fassara, ko a sa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta zubo shafi ɗari a dare ɗaya, a wallafa ba a karanta ba. Google ya ce amfani da irin wannan manhaja ba laifi ba ne a kan kansa, amma a Maris na 2024 ya fito da ƙa'ida a kan tara shafuka masu yawa don yaudarar jerantawa, ko mutum ya rubuta ko inji.

Abin haushin shi ne filin a buɗe yake. Wanda ya rubuta da Turanci kan kiwon kaji yana gasa da dubban shafuka daga ko'ina a duniya. Wanda ya zauna ya rubuta da Hausa, daga abin da hannunsa ya taɓa, yadda ake raya 'yan tsaki a lokacin hunturu, ko yadda ake gane shadda mai kyau a Kantin Kwari, abokan gasarsa ba su da yawa. Tambayoyi da dama da Bahaushe ke yi babu wanda ya amsa su da kyau har yanzu. A Disambar 2022 Google ya ƙara gogewa, wato sanin abu ta hanyar yin sa, a cikin ma'aunan da masu tantance ingancin sakamakonsa ke dubawa, tare da ƙwarewa da shahara a fanni da amana. Waɗannan masu tantancewa ba su ke ɗaga shafi ko sauke shi ba, ana amfani da hukuncinsu ne a gwada ko injin yana aiki daidai, amma littafin jagoransu yana nuna inda aka dosa. Ma'aunin ya fi tsanani a kan abin da ya shafi lafiya da dukiya. Mai rubutu kan maganin basir ko hawan jini, ba suna, ba shaidar karatu, yana alƙawarin warkewa cikin kwana uku, kada ya yi mamaki idan aka danne shi. Ni kam ina goyon bayan a danne shi, domin ran mutane ne.

Ɓangaren fasaha ba shi da wuyar faɗa. Tun 2014 shafin da adireshinsa ya fara da https, alamar shafi mai tsaro, yake da ɗan fifiko, kuma ana samun takardar tsaron kyauta. Tun Afrilun 2015 ake fifita shafin da ke zama daidai a fuskar waya, yanzu ma sigar waya Google ke dubawa wajen shigarwa kundi. Sai sauri: ma'aunin Google shi ne babban abin da ke fuskar shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Hotunan Gwaggo kai tsaye daga kyamara aka ɗora su, kowanne ya haura megabait huɗu, goma sha biyu a shafin farko. Ka tuna da matar da ke ƙauye, sabis yana zuwa yana ɗaukewa, ta sayi data ta kwana ɗaya. Ba za ta jira ba, ba ta kuma yafe maka datar da ka cinye mata ba. Matse hotunan kawai ya sauya shafin. Sai dai kada a ɗauka sauri zai rufe rashin abin faɗa. Tsakanin shafuka biyu masu amfani yake raba gardama.

Ga mai shago ko mai sana'ar hannu kuwa, akwai ƙofar da ta fi shafin kansa saurin kawo ciniki: rajistar kasuwanci a taswirar Google, ita ma kyauta. Abu uku Google ya ce yana dubawa a nan: dacewa da abin da aka nema, kusanci da mai nema, da shahara. A garuruwanmu da lungu ba shi da suna, gida ba shi da lamba, dasa alamar taswira a daidai ƙofar shago ya fi dogon kwatance. A sa lokutan buɗewa na gaskiya, har da na Juma'a da na azumi. A roƙi abokan ciniki na gaske su rubuta ra'ayinsu, kada a tara 'yan'uwa su zuba taurari biyar a yini ɗaya.

Ba zan ɓoye ba, ƙasa tana motsi a ƙarƙashin wannan harka. Tun Mayun 2024 Google ya fara ɗora amsar da ƙirƙirarriyar basira ta haɗa a saman sakamako, da farko a Amurka, daga baya a wasu ƙasashe. Mutum yana iya samun amsarsa bai latsa kowa ba. Wanda abincinsa ke kan gajerun amsoshi da kowa ya sani, shi zai fi jin jiki. Amma injin ba ya haɗa turare, ba ya kuma aika kwalba zuwa Zariya. Abin da mutane suka rubuta yake tattarawa, kuma mai son saye dole ya isa ga mai sayarwa.

Mun cire alamar akwatin nan a ranar, muka miƙa taswirar shafin, muka sauya take. Sannan na zauna da Gwaggo da rikoda, na ce ta faɗa mini yadda ake gane humrar da aka tsinka da wadda ba a tsinka ba, da dalilin da wani turaren ke ƙauri a kasko, da yadda ake adana shi lokacin damina. Ta yi magana ta fi rabin sa'a, 'yarta ta rubuta, muka raba shi shafi huɗu, kowanne da tambayarsa. Na gaya mata kada ta sa rai da wuri, domin irin wannan aiki watanni yake ɗauka kafin a ga tasirinsa. Cikin kwanaki shafukan suka shiga kundi. Hawa kuwa a hankali ya zo, ta kan tambayoyi ƙanana da babu mai amsa su.

Ranar da na koma gaishe ta bayan sallah, tana cikin naɗe kwalabe da jarida.

"Ɗan nan, wata ce ta kira daga Gusau. Ta ce ta karanta maganata a kan ƙaurin turare, dozin biyu take so. Ka ce wa ƙanwarka ta zo da abin rubutu, akwai maganar turaren tsugunno da ban faɗa ba."